Sawun Taya a Gandun Dutse

Ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana aka tarar babu Turmi a Gandun Dutse. Kafin la'asar, duk mai baki a yankin Chaza ya gama yanke wa Baba Nehemiya hukunci.

Bari in faɗi ko mene ne Turmi, kada a ce ni Malama Mairama na tara jama'a a kan kayan daka. Gandun Dutse wani tudu ne a bayan Chaza, inda ni da ɗalibaina muka yi kiciɓis da itatuwan da suka daɗe a binne har suka koma dutse. Shekarar 1991 ke nan, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata. Ido ya ce maka icce ne, ga ɓawo ga ƙulli, ka ƙwanƙwasa hannunka ya ce ƙarya ne. Muka kafa kwamiti, aka kewaye wurin da waya, makarantu suka riƙa kawo yara, ma'aikatan Abuja da ke haya a Suleja suka riƙa zuwa da iyali ranar hutu. Turmi shi ne abin da kowa ke zuwa gani. Guntun kututture ne da ya kai gwiwar mutum, samansa sumul, har kana iya bin zoben shekarun bishiyar da yatsa. Sai ƙarti uku suke ɗaga shi, su ma da nishi.

Abu mai wannan nauyi ba ya saukowa daga tudu sai a mota, mota kuwa ba ta hawa sai ta get. A nan maganar ta tsaya wa Baba Nehemiya a wuya, don shi ne mai gadi, kuma kwaɗon get ɗin lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Dokokin wurin suna rubuce a babban allo. Shugaban kwamitinmu ne ya rubuta su da hannunsa, Alhaji Taufiq, ma'aikacin wata ma'aikata da aka taso daga Legas zuwa Abuja, mutum mai tsari wanda ko takalminsa ba ya ajiyewa a karkace. Kowace mota ta tsaya a filin ƙasa. A shiga da baya, hancin mota na kallon titi. A sa waigi, wato dutsen tokare mota, a taya, in za a tafi a mayar da shi layinsa. Ba hon. Ba mai hawa tudu da mota sai wanda ya ɗauko tsoho ko maras lafiya, shi ma sai an ba shi jar sanda, kuma kafin sandar ta dawo wata motar ba ta hawa, don hanyar ta mota ɗaya ce. Dokar sandar nan dabarar Baba Nehemiya ce. Shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe a Kafanchan yana ba jirage hannu, bai taɓa haɗa biyu a layi ɗaya ba. Ya taɓa sa wani babban mutum ya sauko daga Marsandi ya taka da ƙafarsa, direban na ta zazzare ido, shi kuwa yana ta "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," sandar na maƙale a hammatarsa.

Irin wannan mutum ba ya rasa masu jin haushinsa, ranar kuwa duk suka fito.

"Ranar Lahadi ba a buɗewa sai ya dawo daga coci," in ji wani. "Ashe da biyu ake zuwa cocin."

"Tsoho da furfurarsa! Kai, duniya ta lalace."

Alhaji Taufiq ya ɗaga hannu, aka yi shiru. "Jama'a, a guji zato. Ni ban ce shi ne ba. Abin da na sani, ni na sayo kwaɗon nan, na damƙa masa makullai biyu a gaban kwamiti."

"Ga su," in ji Baba Nehemiya. Ya ciro su daga aljihun kwat ɗinsa na coci, ya miƙa wa mai unguwa da hannu biyu. "Ban buɗe wa kowa ba, ban ba kowa aro ba."

Mai unguwa ya ce tsohon ya zauna a zaurensa zuwa Laraba. In Turmi bai fito ba, sai a miƙa shi ga 'yan sanda. Zamanin soja ne, kowa ya san talakan da ya shiga bayan kanta ba ya fitowa yadda ya shiga, balle mai shekara sittin da bakwai.

Abu ɗaya Baba Nehemiya ya roƙa kafin a tafi da shi. Ya ce kada a bar kowace mota ta hau tudun, masu hawa da ƙafa kuma su bi gefe. Har aka yi masa dariya, wai ga mutum ruwa ya ci shi yana ta kafa doka. Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci, kuma a nan take na tuna da Baba Tanimu.

* * *

Baba Tanimu mai bin sawu abokin marigayi mahaifina ne. Ɗan ƙaramin tsoho ne, gwiwarsa ta dama ta daɗe da yi masa gardama, kullum yana dogara wata siririyar gora. Ba ya karatun boko, amma ban taɓa ganin mai karanta littafi yadda yake karanta ƙasa ba. An taɓa sace wa wani Bafulatani bijimi, ya bi shi tun daga Chaza har kasuwar Sabon Wuse, ya ratsa shanu sun fi ɗari, ya dafa guda ya ce, "Wannan ne." An riga an rage masa ƙaho an shafa masa baƙi, amma ba wanda ya tuna ya canza masa tafiya.

Na same shi Litinin da sassafe yana gyaran akurkin kaji. Na gaishe shi, na zayyana masa komai.

"Ɗiyata, ni sawun shanu na sani. Mota ba ta da kofato."

"Baba, in ba ka zo ba, jibi za su kulle shi."

"Mutumin kirki ne?"

"Ya taɓa hana ni shiga da tasi, ni da na gano wurin."

Ya yi dariya har da tari. "To, wannan ya isa a duba lamarinsa. Miƙo mini gorata. Ai saniyar sata ma ba ita ke zaɓen hanya ba, mai korarta ne. Mota ba za ta fi saniya wayo ba."

* * *

An yi ruwa ranar Asabar, tun daga nan kuma sai hadari ya haɗu ya watse. Ƙasar hanyar ta riƙe komai kamar danƙo. Baba Tanimu ya ƙi fara dubawa daga get, ya ce ɓarawo a wajen kaya yake mantawa da kansa, muka bi gefe muka hau can sama.

Inda Turmi yake dā an tattake shi, amma inda motar ta tsaya ba a taɓa ba. Ya tsuguna a kan gwiwarsa mai lafiya, ya daɗe yana bin sawun da ido.

"A-kori-kura ce," ya ce daga baya. "Tayar baya ta hagu an yi mata faci, ga tambarinsa yana dawowa duk taku uku. Mutum uku ne. Biyu takalmin roba, da burbushin siminti, leburorin nan ne da ke tsayawa bakin titi suna jiran aikin gini a Abuja. Su an ɗauko su ne, ba su san wurin ba, dubi yadda suka yi ta waige. Na ukun sau-ciki ne a ƙafarsa, shi ne direba." Ya nuna wani ɗan rami da gora. "Nan aka sa waigi. Ina waigin?"

Na duba. Duwatsun waigi huɗu da aka shafa wa farar ƙasa suna nan a jere a layinsu.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji shi. "Ya yi aro ya mayar."

Muka gangaro. Wajen tsakiyar tudun hanyar ta miƙe samɓal, shimfiɗe da yashi, gefen hagu kuwa taɓo ne da ƙaya. Sai ga sawun tayar ya bar tsakiyar hanya mai kyau, ya lanƙwasa ya shiga taɓon, ya zagaya, ya dawo. Da hawa haka, da saukowa haka. Baba Tanimu ya bi lanƙwasar da taku, ya dawo ya sake bi, sannan ya ɗauki wani jan dutse ya ajiye daidai inda tayar ta fara karkata.

"Malama, me kuka binne a nan?"

Makonni biyu kafin nan ruwa ya zaizaye hanyar, ya tono wani dogon icen dutse kwance a gicciye, wanda ya fi duk na gandun girma. Mu uku muka gan shi, ni da Alhaji Taufiq da Baba Nehemiya. Muka rufe shi da yashi, muka yi alkawari ba mai faɗa wa kowa sai an samu abin kewaye shi, don akwai masu zuwa da guduma suna ɓantarar duwatsun nan wai maganin ciwon baya ne. Ba alama, ba allo. Na faɗa masa duk wannan.

"Ke kina tuƙi?"

"Ko keke ban iya ba."

"Shi mai gadin fa?"

"Jirgi ya sani, shi ma daga ƙasa."

Ya ce, "Uhm." Ya matsa gefen hanya, ya nuna mini wani sawun daban, na takalmi mai faɗin baki wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje. "Wannan jiya da rana ne, ya hau kan sawun motar. Mai shi ya tsaya a nan ya daɗe, har ƙafarsa ta nutse. Sannan ya zauna a kan wancan dutsen."

Na san takalmin. Shi Baba Nehemiya ke sawa ranar Lahadi. Na ɗauko mai bin sawu don ya wanke mutum, ga shi ƙasa tana neman ta shafa masa baƙi.

* * *

Tayar mai faci ba ta yi wuyar samu ba. Talata da hantsi muka tarar da ita a tashar 'yan doya, a jikin a-kori-kurar Markus Direba. Duk Chaza an san Markus da Baba Nehemiya ba sa ga maciji, tun ranar da tsohon ya hana shi ratsa gandun da lodin doya don ya yanke hanya.

"Ni? Dutse?" Markus ya dafe ƙirji. "Baba, abeg, me zan yi da dutse? Ana cin sa ne?"

"Ina kake ranar Lahadi da safe?" in ji Baba Tanimu.

"Ina coci."

"Wanne?"

Markus ya sosa ƙeya. "To, gaskiya na kama hanyar coci. Sai na biya gidan wata antina, ta dafa burkutu. Daga nan hanyar ta ɓace."

'Yan tasha suka fashe da dariya, amma kafin azahar labari ya riga ya zaga gari cewa an gano bakin zaren. Markus ya tuƙa, Nehemiya ya ba da makulli, faɗan da suke yi dā ma na ganin ido ne. Mutanenmu in suka ƙulla labari, ko masaƙi sai ya sara musu.

Baba Tanimu bai kula su ba. Ya zagaya motar yana kallon yadda aka ajiye ta, hancinta a cikin kwata, gindinta ya tare rabin hanya. "Kullum haka kake fakin?"

"Inda ta tsaya nan ne wurinta, Baba. Ribas ɗinta ma sai da addu'a."

"Ina ta kwana ranar Asabar?"

"Garejin Raphael, a Wambai. Birki na kai gyara."

Raphael bakanike muka same shi a ƙarƙashin wata tasi, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ce ranar Lahadi ba ya buɗewa, shi kam da gaske cocin yake zuwa, makullan motoci kuma a kan tayar gaba yake ajiye su, duk unguwar an sani.

"Da ka zo Litinin, yadda ka bar motar haka ka same ta?"

Raphael ya daina goge hannun. "Yanzu da ka faɗa, Baba, a'a. Ni da kai na shigar da ita. Da na zo na tarar an juya ta, an shiga da baya tsaf, tana kallon titi, har da waigi a taya. Na ce lallai Markus ya tuba."

Da muka fito, Baba Tanimu ya tsaya yana gyara hula, yana kallon gidajen layin. "Wancan gidan mai koren get, mai Fijo a ƙofa tana kallon titi, na wane ne?"

"Nan Alhaji Taufiq ke haya," na ce. "Baba, mutumin nan da albashinsa ya sayi wayar da aka kewaye gandun."

"Ban ce komai ba, ɗiyata. Tambaya na yi." Daga nan ya ce in raka shi kasuwa, wai yana son ya ga irin kwaɗon da ake sayarwa yanzu.

* * *

Da la'asar muka shiga zauren mai unguwa. Baba Nehemiya na zaune a kan tabarma, bayansa a miƙe, kwanon abincin da matarsa Debora ta kawo yana gefe a rufe. Kwana biyu kawai, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Tsofaffin biyu suka gaisa, suka tambayi juna iyali da damina, kamar ba abin da ya kawo mu.

"Ranar Lahadi ka tsaya a tsakiyar tudu," in ji Baba Tanimu. "Ka daɗe."

"Na tsaya."

"Me ka gani?"

"Abin da ka gani."

"To, me ya hana ka faɗa?"

Baba Nehemiya ya dubi ƙofar zauren. Wata mota ce ta rage gudu a waje, ya bi ƙararta da kunne har ta wuce. "Malam Tanimu, ban ga kowa da idona ba. A reluwe an koya mana, abin da ba ka gani ba, ba ka rubuta shi a rahoto."

"Gobe Laraba ce fa, Baba," na ce. "Kulle ka za su yi!"

"Na sani, Malama. Har yanzu da sauran lokaci."

Na fito ina jin kamar in kama shi in girgiza. Baba Tanimu kuwa ya fito yana kaɗa kai. "Na bi sawun mutane da yawa," ya ce, "ban cika haɗuwa da irin wannan ba. Ki ce wa mai unguwa ya tara kowa gobe da hantsi a bakin get. Kowa da kowa, har shugaban kwamiti."

* * *

Laraba filin ƙasa ya cika. Ga Markus an sa shi a tsakiya kamar akuyar da ta ci dusar maƙwabta, ga Raphael da tsummansa, ga Debora tsaye a bayan mijinta. Alhaji Taufiq ya iso a Fijo ɗinsa, ya shiga da baya, ya fito ya sa waigi, sannan ya yi sallama.

"Maganar a sama take," in ji Baba Tanimu, "ni kuwa gwiwar nan ta ƙi yau. Na ji an ce dokarku ta yarda a hau da tsoho a mota."

"Ta yarda, Baba," in ji Alhaji. "Bismillah, ni zan kai ka."

Mai unguwa ya buɗe get. Ba wanda ya tuna da jar sanda sai Baba Nehemiya, wanda ya shiga rumfarsa ya ɗauko ta ya miƙa wa Alhaji ta taga, ba tare da sun haɗa ido ba. Baba Tanimu ya zauna a gaba, mai unguwa a baya, mu kuma muka bi gefen hanya da ƙafa. Motar na tafiya a hankali yadda doka ta ce, har muna iya jerawa da ita.

Da ta kai tsakiyar tudu, daidai jan dutsen nan, sai Fijo ta karkata hagu a natse, ta shiga taɓo, ƙaya na kartar jikinta, ta zagaya ta dawo kan hanya.

"Tsaya nan, Alhaji," in ji Baba Tanimu.

Ya fito, gwiwar da ta ƙi ɗazu ta yarda. Ya kira Markus. "Kai direba ne. In kai ne za ka hau nan, ina za ka bi?"

"Tsakiya mana, Baba. Wane mahaukaci ne zai bar yashi ya shiga caɓi?"

"Kun ji." Ya juya ga jama'a. "Akwai icen dutse binne a ƙarƙashin yashin nan, mutum uku ne suka san da shi. Biyu ba su iya tuƙi ba. Motar da ta ɗauki Turmi ta kauce masa da hawa, ta kauce masa da saukowa."

"Ai sai mai gadin ya yi wa direban kwatance," wani ya faɗa daga baya.

"Madalla, ni ma na yi wannan tunanin. Amma wanda aka yi wa kwatance yakan zo yana lalube. Zai taka birki, ya leƙa, ya wuce wurin ko ya karya kan mota a makare. Ku zo ku duba, ba birki a sawun nan ko ɗaya. Tun taku ashirin kafin icen hannunsa ya fara juya sitiyari, ga dutsen da na sa alama shekaranjiya. Yanzu ku dubi inda Fijo ta fara juyawa."

Aka sunkuya ana kallo. Sabon sawu da tsohon sun taso daga wuri ɗaya, sun lanƙwasa tare kamar cokali biyu a kwano.

"Mutumin ya mayar da waigi layinsa a can sama. Ya mayar da motar Markus garejin Raphael, ya shiga da baya, hancinta na kallon titi. Hali zanen dutse ne, jama'a. Ya iya ɗaukar abin da ba nasa ba, amma ya kasa taka dokar da ya rubuta." Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabon kwaɗo, irin na get ɗin sak, makullansa na reto a zare. "Wannan jiya na gan shi a kasuwa. Na tambayi masu shago uku, duk sun ce irinsa da makulli uku yake zuwa. Alhaji, biyu ka ba mai gadi."

Alhaji Taufiq na tsaye jikin motarsa, jar sandar na hannunsa. Sannan ya zame ya zauna a ƙasa, a cikin taɓon, da farar shaddarsa.

"Yana gidana," ya ce. "A bayan ɗaki, na rufe shi da tamfol. Ban kai ba."

"Ka kai wa wa?" in ji mai unguwa.

"Shekara uku ina jiran a ba ni gida a Abuja. Mu tara ne a ɗaki biyu. Wani babba a wajen aikinmu ya zo nan da iyalinsa, ya dafa Turmi ya ce wannan zai yi kyau a ƙofar gidansa. Ya faɗa yana kallona." Ya share fuska da hannun riga. "Na ɗauka za a ce ɓarayin nesa ne. Wallahi ban yi tunanin kwaɗon ba sai da na ga an taru a kan Baba Nehemiya. Daga nan kuma kunya ta rufe mini baki."

Nan fa masu baki suka juya. Waɗanda suka ce tsoho da furfura, su ne suka fara cewa dā ma su ba su yarda ba. Markus ya yi ta tsalle yana cewa a biya shi sunansa, har sai da Raphael ya ja shi gefe. Mai unguwa ya tsawatar, ya ce a je a ɗauko Turmi yanzu, maganar Alhaji kuma kwamiti da dattawa za su zauna a kanta. Ya ciro makullan nan biyu ya miƙa wa Baba Nehemiya.

"Ka yi haƙuri, Baba. Mun zalunce ka."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu.

"Saura tambayata ta jiya," in ji Baba Tanimu. "Ni sai da na yi kwana biyu ina yawo. Kai tun ranar Lahadi ka karanta sawun nan, kai ka ce kada a taka shi. Ka san ko wane ne. Me ya sa ka yi shiru har ana shirin kulle ka?"

Baba Nehemiya bai dube shi ba, sai ya dubi Alhaji.

"Lokacin da reluwe ta sallame ni, na zo garin nan ba ni da kowa. Mutumin nan ya gan ni a bakin titi ina sayar da rake, ya tambaye ni aikin da na yi dā, ya ce irina yake nema. Shi ya tsaya mini a gaban kwamiti." Ya nuna hanyar da hannu. "Na bar sawun don in gaskiya ta ƙi fitowa ta baki, ta fito ta ƙasa. Amma na so ta fito ta baki. Alhaji, kwana uku ina zaune a zauren nan. Duk motar da ta rage gudu a waje sai in ce ga shi nan ya zo."

Alhaji Taufiq ya kifa kansa a kan gwiwoyinsa, kafaɗunsa na rawa. Debora ta kama hannun mijinta ta ce ya zo ya ci abinci, rabonsa da cin na kirki tun ranar Asabar.